Ɗiban Wuta ko Ɗiban Ruwa: Abin da Kalmar “Wifi” ke Ɓoyewa

A harabar kowace jami'a ta ƙasar nan, daga Yamai zuwa Tawa, Maraɗi da Damagaram, akwai wata gajeriyar jimla da ta zama ruwan dare: “Don Allah kunna mini wifi.” Wani ya ce “partaje mini,” wani kuma “sam mini koneksiyo.” Mai roƙon yakan faɗe ta da murya sakayau, irin wadda ake tambayar ƙarfe nawa da ita. Wanda aka roƙa kuwa sai ya ɗan yi jim, ya dubi fuskar salularsa, sannan ya kunna, don kunya ba ta barin mutum ya hana abokin zamansa abin da ido ba ya gani. Wannan ɗan jim ɗin ya cancanci a tsaya a kansa. Kalma ɗaya ce ta shiga kunnen mutanen biyu, amma kowanne da abin da ya ji. Ɗaya ya ji ana zancen iska, ɗayan ya ji ana zancen dala ɗari biyun da ya tsakura daga kuɗin abincinsa ya sayi mega.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, laifin saɓanin yana wuyan sunaye. Kalmomin da suka shigo tare da salula suna faɗin hanyar da saƙo ke bi, su yi gum game da aljihun da kuɗi ke fita. Hausa kuwa ta daɗe da mallakar kalmomin da ke rarrabe abin da ake bayarwa ya ragu da abin da ake bayarwa ya zauna yadda yake, kuma ɗaliban kimiyyar harshe ne suka fi kowa cancantar tuna wa jama'a da su.

Sai a fara da shi kansa wifin. Hanya ce ta haɗa na'urori ta igiyar rediyo mai gajeren zango, wadda galibi ke aiki a kan gigahaz 2.4 ko 5, kuma bango biyu ko uku sun isa su raunana ta. An fitar da ƙa'idarta ta farko a 1997, sunan kuwa ƴan kasuwa ne suka raɗa mata a 1999 don ya yi daɗin faɗi. Babu intanet a cikin ma'anar sunan ko kaɗan. Duk wanda ya taɓa tura wa abokinsa fim ta Xender ya yi aiki da wifi, bai kuma taɓa mega ko ɗaya ba. Wifi bututu ne kawai, ruwan da ke bi ta cikinsa daga wani wuri yake tasowa.

Idan bututun ya fito daga ofis, ko otal, ko ɗakin karatu, inda hukuma ke biyan kuɗin wata ba tare da ƙidayar abin da aka sha ba, mutum guda da ya ƙaru ba ya jawo wa kowa asara, iyakarsa ya rage wa sauran sauri. Idan daga salular ɗalibi ya fito, lissafin ya sauya. Salular tana jawo intanet daga eriyar kamfani ta layin mai ita, na Airtel ne, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecoms, sannan ta sake watsa shi ga na kusa. Kowane hoto da baƙo ya buɗe, a kan mai layin kamfani ke rubuta shi. Ga batir yana zuƙewa, ga salula tana ɗaukar zafi, abin da ba wasa ba ne a watan Afirilu, lokacin da zafin gari ke haura digiri 40 kuma wutar lantarki ke zuwa tana tafiya. Amma a fuskar salular baƙon, alama ɗaya ce ke fitowa a duka halayen biyu, ƴar maficin nan mai layuka uku ko huɗu. Babu abin da ke gaya masa na wa yake sha.

Kafin ashana ta wadata, har ma yanzu a karkara, akan aiki yarinya gidan maƙwabta ɗiban wuta. Ta je da kasko ko sakaina, a zuba mata garwashi biyu, ta dawo da gudu. Ba a doguwar godiya, ba a ƙulla bashi, domin murhun da aka ɗiba bai mutu ba. Shi ya sa baƙon da bai tsaya ya zauna ba akan ce masa kamar ya zo ɗiban wuta. Ɗiban ruwa daga randar wani ya sha bamban, balle a gari irin Damagaram da ya san tsadar ruwa tun kaka da kakanni. Ba a hana mai ƙishi moɗa ɗaya, amma wanda ya zo da bokiti ya san sai ya yi bayani. Mai cewa “kunna mini wifi” gani yake wuta ya zo ɗiba, har aikatau ɗin da ya zo bakinsa na wuta ne: a kunna, a kashe. Mai salula kuwa randarsa yake kallo tana ja da baya.

Faransanci ya ƙara wa ruɗin ƙarfi. Yawancin salulolin ƙasar nan da shi aka saita su, kuma a can aikatau guda ne, partager, ke ɗauke da ayyukan biyu. Wanda ya yi partager na hoto kwafi ya aika, nasa yana nan. Wanda ya buɗe partage de connexion kuwa abin hannunsa yake ragewa. Bakin mai sayar da shayi bai yarda da wannan haɗin gambizar ba. “Turo mini hoton” yake cewa, ko ya ce an yaɗa bidiyon a gari. A Hausa, raba tana nufin a yanka abu guda kashi-kashi: a raba gado, a raba nama, a raba gona, kowa ya tafi da nasa, abin kuma ya daina zama ɗaya. Saboda haka raba ita ce ta dace da mega. Abin takaici ne yadda wasu masu fassara manhajoji ke liƙa ta a kan maɓallin tura hoto, inda babu abin da ake rabawa, don kawai ita ce ƙamus ya ba su a layin farko.

Akwai inda Hausa ta fi haka tsantseni. Ba ta da aikatau guda da ke ɗaukar kowane irin karɓa da niyyar mayarwa. Aro na abin da za a mayar da shi kansa ne: littafi, keke, kalme, tabarmar biki. Rance na abin da za a kashe ne a biya da madadinsa: kuɗi, ko tiyar hatsi a tsakiyar damina. Kowanne kuma yana da fuska biyu a cikin rukunonin aikatau 7 da Parsons ya tsara a 1960. Rukuni na 1 na mai bayarwa ne, “ara mini,” “ranta mini.” Rukuni na 2 na mai karɓa ne, “ya ari littafi,” “ya ranci kuɗi.” Ɗalibin da ya ce “ara mini wifi” ya ajiye abu a gurbin da ba nasa ba, domin megar da aka sha ba ta dawowa. In da niyyar biya, rance ne. In babu, kyauta ce, kuma kyauta tana da haƙƙin a san an yi ta.

Tsakanin rance da kyauta akwai wata ƴar kalma da ta fi duka faɗin gaskiya, wato sam. Mai cewa “sam mini” ya amsa abubuwa da dama cikin gaɓa guda: abin na wani ne, yana raguwa, kaɗan ake so, ba kuma za a biya ba. Yaron da ya ce wa ɗan'uwansa “sam mini ƙosai” bai sa ran a miƙa masa takardar duka ba, kuma in aka gutsura masa rabi ya san an yi masa alheri. “Sam mini mega” ba ta buƙatar kwamiti ya zauna a kanta. Tana nan a bakin mutane, sai dai “kunna mini wifi” ta fi ta farin jini, wataƙila don ta fi ta sauƙin faɗi ga wanda ba ya son a ce ya yi roƙo.

Su ma masana harshe ba su tsira daga wannan ba, tun da su ne ke cewa “kalmomin aro.” Babu wanda ya taɓa mayar wa Faransawa da lakkwal ko mushe, kuma Faransanci bai ragu da ko harafi ɗaya ba don Hausawa sun ɗauka. Ɗiban wuta ne sak, aka raɗa masa sunan aro.

Abin da ya sa maganar ta wuce cacar baki a kan ma'ana shi ne, na'urorin ma a kan wannan ruɗin aka gina su. Masu ƙera manhajoji sun ɗauka wifi ba shi da ma'auni, don haka suka saita manyan ayyuka su jira shi: sabunta manhaja, kwashe hotuna zuwa ma'ajiyar intanet, sauke bidiyoyin da aka zuba a zaurukan WhatsApp. Wasu saluloli suna gane cewa wifin da suka kama daga wata salula ya fito, su kama kansu. Kwamfuta kuwa sau da yawa ba ta ganewa. Ɗaliba ta zo wurin ƙawarta don ta aika wa malaminta babi ɗaya na memwar, takardar da ba ta kai mega 2 ba. Tana haɗawa, kwamfutar ta shiga jawo sabuntawar da ta yi makonni tana jira, mai iya kai ɗaruruwan mega ko ta haura jiga. Babu wadda ta gani. Bayan minti goma saƙon kamfani ya shigo cewa abin da aka saya don ya kai ƙarshen mako ya ƙare. Mai salula ta yi shiru tana zargin an kalli fim da kuɗinta, baƙuwa ta tafi tana mamakin sauyin fuska. Maganin bai da wuya: Windows tana da wurin da ake gaya mata cewa wannan haɗin mai iyaka ne, connexion limitée, kuma saluloli da yawa suna barin mai rabawa ya ƙayyade yawan na'urorin da za su shiga da yawan megar da za a sha. Amma wanda bai san daga randa yake ɗiba ba, ba zai je neman murfi ba.

Idan aka koma kan kira, ruɗin ya ninka. “Zan kira shi ta wifi” jimla ce da ke rufe abubuwa biyu masu nisa da juna, kuma dukansu sun bambanta da kiran layi da aka saba, mai cin kiredi gwargwadon daɗewar magana. Wanda aka fi sani shi ne kiran manhaja. WhatsApp ta buɗe kiran murya a 2015, na bidiyo a 2016, ga kuma Messenger da Imo. A nan ana yanyanka murya ƙananan ƙunshi-ƙunshi, su bi intanet, a harhaɗa su a ɗaya gefen. Dole mutanen biyu su kasance da manhajar da kuma intanet. Ba ya taɓa kiredi, kuma bai san iyakar ƙasa ba. Wannan na ƙarshen shi ya ba shi sarauta a kudancin Nijar. Tsakanin Maraɗi da Katsina ba a kai kilomita 100 ba, tsakanin Ƙwanni da Illela kuwa ɗan taƙi ne, amma kira daga lamba mai 227 zuwa mai 234 kiran ƙasar waje ne da farashinsa. Haka yake ga iyalan Adar da ke da ƴan cirani a Abijan ko Libiya.

A irin waɗannan gidaje ne rabon mega ke nuna nauyinsa. Tsohuwar da ba ta da babbar salula takan jira ɗalibi ya zo hutu, ko ta taka zuwa wurin ɗan maƙwabta ta ce, “Ɗana, kira mini yayanka in ji muryarsa.” Babu mai hankalin da zai tsaya lissafi a nan, kuma lissafin ma ba shi da yawa: kiran murya bai cika wuce mega ɗaya a minti ba. Bidiyo ne ke ninka wannan sau da dama. Mai cewa “minti biyu kawai zan kira” ya faɗi lokaci, bai faɗi iri ba, kuma irin ne ke yanke hukunci. Minti goma na murya sun fi sauƙi a kan mai randa bisa ga minti uku na bidiyo da ake zagaya gida da salula ana nuna jariri da tumaki.

Ɗayan kuwa shi ne wanda wasu saluloli ke nunawa a wurin saiti da sunan Appels Wi-Fi. Wannan kiran kamfanin layi ne. Mutum ya danna lamba yadda ya saba, sai muryar ta bi ta wifi cikin rufaffiyar hanya zuwa cibiyar kamfanin, daga can ta isa ga kowace irin waya, har ƙaramar salula mai maɓallai da ba ta san intanet ba. An ƙirƙiro shi ne don wuraren da rezo ba ya ratsawa, kamar cikin manyan gine-ginen siminti, kuma ba ya aiki sai kamfanin da ya ba da layin ya buɗe shi, salular ma ta iya ɗaukarsa. Kamfanin yana lissafa shi a matsayin kira na yau da kullum. Wanda ya ji ana cewa kira ta wifi kyauta ne, ya kunna wannan, zai tarar kiredinsa ya tafi. In kuma a kan rabon abokinsa ya hau, aljihu biyu aka taɓa lokaci guda, kiredin mai kira da megar mai rabawa.

Ga ɗaliban da ke tattara bayanan karin harshe daga nesa, akwai wani bambanci da ya shafe su kai tsaye. Tsohon kiran layi yana barin sautin da ke tsakanin haz 300 da 3,400 ne kawai ya wuce, abin da ke cinye mafi yawan ƙarar s da sh. Kiran manhaja ya fi shi faɗi, amma yana matse sautin, kuma idan rezo ya yi rauni yakan zubar da ƙunshi ya ɗinke abin da ya rage. A harshen da tsawon wasali ke raba garin da ake zama da garin da ake tuwo, ba a auna tsawon wasali a Praat da muryar da aka ɗinke.

To, yaya za a kira waɗannan abubuwa? Amsar tana cikin wani aikatau da kowa ke amfani da shi ba tare da ya lura ba, wato ci. Ana cewa kiran ya ci kiredi, bidiyo yana cin mega, manhajar nan tana cin batir. Jama'a sun riga sun fahimci salula a matsayin dabba mai baki, kuma tambayar da ke damunsu ita ce me take ci da kuma na wa. Sunan da zai yi amfani shi ne wanda ya amsa wannan tambayar. Kiran kiredi da kiran mega sun wadatar, na ukun kuma kiran kiredi ne ta wifi. Wifin da ake biya wata-wata a bar shi da sunan wurinsa, wifin ofis, wifin makaranta. Wanda ya fito daga salular mutum a kira shi rabon mega, ko wifin aljihu. Duka waɗannan da ƴar mahaɗin nan -n da -r aka gina su, wadda Hausa ke ƙera sunaye da ita kullum, kamar jirgin sama da gidan waya. Ma'aunin ingancinsu ɗaya ne: tsohuwar da ta zo jin muryar ɗanta ta gane su ba tare da an fassara mata ba.

Wannan ba kira ba ne ga a kori kalmar wifi. Ta riga ta zauna, kuma yadda ta zauna abin nazari ne mai daɗi. A Nijar wifi ake cewa don daga bakin Faransanci aka ji ta, a tsallaken iyaka kuma waifai. Haka jiga da giga, rezo da netwok, kiredi da kati, sharje da caji, bipe da filashin: al'umma ɗaya, iyaka ɗaya ta mulkin mallaka, kalmomi bibbiyu. A Hausar yamma, inda ake cewa hita da hwari a madadin fita da fari, dokar da ta yi wannan aikin ba za ta ƙyale baƙuwa ba, sai wifi ya koma wihi a bakin dattijon Gobir ko Adar. Kalmar da tsarin sautin gida ya fara lanƙwasawa ta zama ƴar gida. Masu son tsarkake harshe, waɗanda za su kawo jimla mai kalmomi shida a madadinta, ɓata ƙarfinsu suke yi, don babu mai tsayawa a rana ya faɗe ta. Matsalar wifi tana wajen ma'ana, inda suna ɗaya ya rufe murhu da randa.

Wani zai ce duk wannan koyar da rowa ne da sunan ilimi, cewa zaman jami'a zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne, wanda ya raba yau shi za a raba wa gobe idan bursi ya yi jinkiri, kuma ƙidayar mega tsakanin abokai zubar da mutunci ne. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai Hausawa sun yi ƙarnuka suna rarrabe aro da rance da kyauta, hakan bai kashe musu zumunci ba. Abin da ke faruwa yanzu ne ya fi kama da rowa. Mutum ya ce megarsa ta ƙare alhali tana nan. Ya sauya kalmar sirri cikin dare ba tare da ya ce uffan ba. Ya ga abokinsa tafe ya tura salula aljihu. Tun daga Android 10 kuma, wanda aka ba kalmar sirri yana iya miƙa ta ga wani ta hanyar nuna masa hoton lamba a fuskar salula, ta yadda baƙo ɗaya kan zama uku mai gida bai sani ba. Waɗanda abin ya fi ci su ne waɗanda ba su da bakin cewa a'a: ƙane a gaban yayansa, sabon ɗalibi a gaban na shekarar ƙarshe, yarinya a gaban ƙanen mahaifinta. “Kunna mini wifi” ba ta bar wa wanda aka roƙa komai ba sai i ko a'a. “Sam mini mega hamsin” kuwa tana da adadi, kuma duk abin da ke da adadi ana iya ciniki a kansa cikin ladabi: “Yaya, sai dai talatin, gobe ina da aikin da zan aika.” An bayar, an karɓa, babu wanda ya yi ƙarya.

Akwai kuma batun amana, wanda sunan wifi ya ɗora tsoronsa a inda bai dace ba. Baƙo yakan ji ɗar-ɗar kada mai salula ya karanta saƙonninsa. A WhatsApp, tun 2016 saƙonni da kiraye-kiraye a kulle suke daga mai aikawa zuwa mai karɓa, abin da mai rabawa ke gani bai wuce sunan na'urar da ta shiga ba, wani lokaci da yawan abin da ta sha. Wanda ya kamata ya yi tunani shi ne mai rabawa. A wurin kamfani, duk abin da ya fita ta salularsa daga layinsa ya fita, layin kuma da takardar shaidarsa aka yi masa rajista. Ƙasar nan tana da dokar laifukan intanet tun 2019. Wanda ya buɗe wa baƙon da bai sani ba a tasha, sunansa ya ba shi ya yi yawo da shi na ɗan lokaci. A nan kam aro ne na gaske.

Kundin sake gina ƙasa da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ko ba daɗe ko ba jima, za a buƙaci takardun kamfanonin waya, saƙonninsu na gargaɗi da sanarwar hukumar da ke sa musu ido, ARCEP, su fito da Hausa, kuma daga cikin masu karanta wannan mujalla za a ɗebo masu fassarar. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki jimlar Faransanci a bi ta kalma-kalma, a haifi “raba haɗi” da “kiran wifi,” a gaji ruɗin duka da hatimin hukuma a kansa. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 bai yi ƙarko don an zauna a ofis an ƙaga ba, bin gari-gari aka yi ana sauraron bakin mutane. Aikin Abdou Mijinguini a kan Hausar Nijar ma darajarsa ke nan, ya rubuta abin da ake faɗa a wannan gefen iyaka.

Kayan irin wannan binciken suna nan a cikin anfi, ba sai an nemi kuɗin mota ba. Duk salular da ta buɗe rabo tana ɗaga suna wanda na kusa ke gani, kuma mai ita yana iya sauya shi, muddin bai wuce gurbi 32 ba. Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, gurbi bibbiyu suke ci, ga shi kuma ba kowane allon rubutu ke da su ba, don haka akan yar da ƙugiyar. A cikin wannan ɗan fili mutane ke rubuta abin da kunya ta hana bakinsu faɗi, irin su “Sayi naka,” ko “Babu mega,” ko “Sai da sallama,” da Hausa, da Zabarmanci, da Faransanci, wani lokaci duka uku a haɗe. Ɗalibin lisans da ya zauna bayan aji na mako biyu yana kwafe waɗannan sunaye, yana zubar da duk wanda ke ɗauke da sunan mutum ko lambarsa, zai fito da abin da ya isa memwar a fannin walwalar harshe. In ya haɗa da ƙidayar aikatau ɗin da ake roƙo da su, kunna da ara da sam da partaje, ya lura da wanda ya faɗa da wanda aka faɗa wa, ya kuma samu abokin aiki a Maraɗi ko Tawa da zai yi irin haka a can, za a iya ganin ko sam tana ƙaruwa ne idan mai roƙo ya girmi wanda ya roƙa, ko kuwa raguwa take yi.